Akwai Gyaɗa a Ciki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Sufeto. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar Baba da take tashi in ya daɗe a tsaye, shi kuma kin san zama a wurinsa laifi ne.

Na koma rubutu ne saboda a waya ba ni da sakewa. Da ta yi ƙara Baba zai matso ya tsaya a kaina, wai tiren biskit yake dubawa, alhali kunnensa yana wajena. Tunda Direba, mai jan motar biskit ɗinmu, yana bi ta garinku da kaya kowane mako, gara in riƙa ba shi takarda.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya wata ma'aikaciyar hukumar duba abinci ta zo mana, da farar riga da hular leda. Ta zagaya gidan biskit ɗin nan lungu-lungu, ta leƙa obin ɗin da muke gashi a ciki, ta shafa teburin murji da yatsa, ko ƙura ba ta samu ba. Baba sai washe baki yake kamar shi aka ba lambar yabo. Daga nan ta ɗauki ledar Mai Gyaɗa ta juya ta gaba da baya, ta ce dole a ƙara rubutun gargaɗi a bayanta: "Akwai gyaɗa a ciki."

Ki tuna ledar nan fa. Sunan biskit ɗin Mai Gyaɗa. Hoton gyaɗar da ke gabanta ya kusa tafin hannu. Ga wurin da aka bari fili, kana hango gyaɗar tana kallonka. Baba ya dube ta ya ce, "'Yata, to ko mu rubuta a ƙofar nan cewa akwai ɗaki a ciki?" Ta yi dariya har da riƙe baki, amma ba ta janye ba, ta ce doka ce. Ya ce, "A rubuta. Gaskiya ce dai, ko da ta wauta ce."

Tun ranar ya samu abin yi. In ya shiga kantin maƙwabta sai ya bi kanta yana karantawa da ƙarfi. Kwalin ƙwai, akwai ƙwai. Gwangwanin madara, akwai madara. Gwangwanin kifi da hoton kifi, akwai kifi. Ya ce saura a manna wa saniya takarda a goshi. Mai kantin har ya fara ajiye masa sababbi don ya ji abin da zai ce.

Inda aka sami saɓani shi ne a kan Fari, biskit ɗinmu na bota wanda ba a sa masa komai. Matar ta ce tunda a ɗaki ɗaya ake yin su, tana ba da shawara a rubuta a ledarsa, "Mai yiwuwa akwai ɓurɓushin gyaɗa." Nan take Baba ya sha mur. Ya ce, "Mai yiwuwa maganar matsoraci ce. Mai sana'a ya san abin da ya zuba, ko akwai ko babu. A Farina akwai fulawa da sukari da bota da ƙwai da gishiri, duk ga su a rubuce. Gyaɗa babu." Ta ce wannan shawara ce, ba dole ba, ta tattara takardunta ta tafi. Ni dai ban sa baki ba, don na san tsoho ya hau dokin naƙi.

Kwalin da Direba zai ba ki Fari ne, na Sufeto. Baba da kansa ya shirya shi, ya hana kowa taɓawa, ya ce na mutuniyarsa ne, tunda an ce jikinta bai yarda da gyaɗa ba ga wanda za ta ci hankali kwance. Rabonsa da ita tun tana tatata. Ya ƙallafa rai a kan zuwanku wannan hutun, har ya sa an yi wa ɗakinki fenti, wani kore da ni ban san inda ya samo shi ba.

Ki gaida maigida. Matata tana gaishe ki, ta ce kin yi mata rowar hoton yarinyar.

Naki,
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka da kwalin, na gode, Allah Ya bar zumunci. Ka gaida Baba da ƙafa, ka gaida Anti, ka ce mata hoto yana hanya.

Na yi dariyar maganar saniya, har na karanta wa Baban Sufeto shi ma ya dara. Amma bari in gaya maka yadda rubutun nan na wauta yake daga inda nake tsaye.

Kai ka sa wa yarinyar nan suna Sufeto saboda ba ta cin komai sai ta juya leda ta karanta, kuma na san da wasa ka faɗa. Ba ka nan ranar da abin ya fara. Tana shekara biyu maƙwabciya ta gutsura mata alewa mai gyaɗa, ba ta kai ƙwayar wake ba. Kafin in ɗauro zani leɓenta ya kumbura, idanunta sun rufe, numfashinta yana fita kamar ana busa usur. A asibiti na ga yadda likita ya daina yi mini magana ya koma kanta, a nan na san inda muke. Allah Ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar allurar gaggawa ba ta barin jakata, akwai wata kuma a wurin malamarsu.

Kalmar da ta fara iya karantawa ba sunanta ba ce, Yaya, gyaɗa ce. Ni na koya mata, da gangan, don ba kullum nake tare da ita ba. Doka ɗaya na kafa mata: ki juya leda, ki duba wurin gargaɗi. In kin ga kalmar, ki mayar. In babu, ki kawo mini in gani, sannan ki ci. Ba na son ta tsaya tana auna hoto, ko wannan gyaɗa ce ko wake ne, ko sunan ya isa ko bai isa ba. Wuri ɗaya take dubawa, kuma ina son duk mai leda ya yi mata magana a wurin, ko da abin a fili yake kamar rana. Ku yi ta dariyar kwalin ƙwai, ba komai. 'Yar shekara shida ba za ta yi canki-canka da numfashinta ba.

Yanzu ga abin da kwalinku ya jawo mini. Na ɗora shi a kan kabad da niyyar sai na yi magana da kai. Ina wanke-wanke ta jawo kujera ta hau ta zaro leda ɗaya. Ba ta buɗe ba, tana da wannan amanar. Ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Mama, na duba gaba, na duba baya. Babu. Kuma na Kaka ne."

Na goge hannu na karɓe. Na ce ba yanzu ba.

Ta ce, "Ai kin ce in babu in ci."

Na ce na sani.

Ta sake kallon ledar, sannan ta ce, "To takardar ƙarya take yi?"

Ka gaya mini amsar da zan bayar. In na ce e, na ƙaryata ubana a gaban jikarsa, na kuma rushe dokar da take tsare ta a makaranta da gidan mutane. In na ce a'a, sai in buɗe in ba ta. Ni kuwa a gidan biskit ɗin nan na girma, na san ɗaki ɗaya ne, injin kwaɓi ɗaya ne, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce mata bari in tambayi Kawu. Don haka ga ni ina tambayarka, kuma ba amsar kare mutuncin gida nake so ba.

Maganar hutu, ina son zuwa fiye da yadda kake zato. Amma ba zan kawo ta gidan da kowace kanta cike take da ledar da ba ta ce komai ba, ga kaka yana miƙo mata da murmushi, sai na san gaskiyar abin da ke ciki. Kada ka karanta wa Baba wannan sashen.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Kin ce kada in karanta wa Baba, to sai ki gaya wa Direba, don a gabansa ya miƙo mini takardar yana cewa ga saƙon Auta. Baba ya jawo kujera, abin da bai saba ba, ya ce in karanta. Na yi ta tsallake layi, amma mutumin da ya koya mini karatu ya san inda muryata take yin tuntuɓe. Ya karɓa ya sa tabarau ya karanta da kansa tun daga sallama har sa hannu.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke takardar ya ba ni, ya tashi ya ɗebo ruwan zafi ya sake wanke teburin murji da aka riga aka wanke. Yana gogawa ya ce, "Hukuma ta zarge ni na yi dariya, don ba ta san ni ba. Yau kuma 'yar cikina ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Abincin rana ma da ƙyar ya taɓa.

Kin nemi gaskiya, ga ta, tunda kamar kin manta yadda muke aiki. Fari shi ake fara yi da safe, a kan tebur mai tsabta, kafin a buɗe buhun gyaɗa ma. Sai mai kwakwa ya biyo baya. Mai Gyaɗa shi ne na ƙarshe, da yamma, kuma Baba ne ya tsara haka tun kafin wata hukuma ta san da zamanmu. Da an gama shi ake dafa ruwa. A wanke tebur, a wanke sandunan murji, a wanke gwangwanayen yanka ɗaya bayan ɗaya, a kwance injin kwaɓi a wanke har ƙarƙashin fikafikansa. Tire kuwa Baba yana ɗaga kowanne ya duba shi a hasken taga, in ya ga tabo ya mayar. Ma'aikata nawa suka gudu saboda wannan wankin, kin sani. Ni kullum a wurin nake tsaye, ba labari aka ba ni ba.

Na san abin da kika gani a asibiti, kuma ban raina shi ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Amma wannan tsumman na ubanki ne, Auta. Akwai tsoro, akwai kuma cin fuska, kuma kin kusa tsallakawa. Kina yarda da ledar kamfanin da ba ki taɓa ganin ƙofarsa ba, don kawai ya buga kalma a baya, kin kasa yarda da mutumin da kika ga hannunsa tun kina goye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun kafin takardarki ta iso, ya tare Direba a bakin mota ya tambaye shi ko mutuniyarsa ta ci, ko ta ce da daɗi. Direba da bai san komai ba ya ce ai har da lashe hannu. Ki ga yadda tsohon nan ya yi ta murna, ya shigo yana gaya wa kowa. Yanzu ya san ƙarya ce, kuma kunyar ma'aikatansa yake ji.

Shawarata ki ba yarinya biskit ɗinta, ki sa ta kira kakanta ta yi masa godiya, a wuce wurin. Na rantse miki babu gyaɗa a Fari. Ni nake auna kayan da hannuna.

Ki gaida maigida.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka, na ajiye, na sake ɗauka. Na ji zafin abin da ya sami Baba, kuma ka san ba halina ba ne in sa shi ya ƙi cin abinci. Maganar cin fuska kuwa na bar ta, don in na biye maka takarda ba za ta ishe mu ba.

Ban taɓa zargin teburin nan ba. Ni ma na wanke shi har fatar hannuna ta yi yaushi. Lokacin da na rubuto maka ban ma san takamaiman abin da nake tsoro ba, zuciya ce kawai ta ƙi. Takardarka ce ta tuna mini, inda ka jero yadda aiki yake bi: Mai Gyaɗa ne na ƙarshe da yamma, Fari ne na farko da safe.

Ina shuɗin bahon Inna?

Ka tuna yadda ake yi. In an murza kwaɓi an yanke shi da gwangwani, akwai gefe-gefen da yake saura kamar raga. A tattara a sake murzawa, a sake yanka, har ya rage ɗan curin da bai isa tire ba. Wannan curin kuwa, Inna, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda a zubar. Sai a sa shi a shuɗin baho, a rufe da farin ƙyalle, a kai firji. Da safe duk wanda ya fara shigowa shi zai juye shi a kwaɓin farko. Tana cewa ba a zubar da albarka, kuma kwaɓin yau sai ya gaisa da na jiya yake yin auki. Aikina ne tun ban kai tsayin tebur ba, don ni ce ƙarama. Na ɗauki bahon nan ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa tambayar saurar me ke ciki ba, saura dai sunanta saura.

Ban ce har yanzu haka ake yi ba. Na daɗe da barin gida, wataƙila kun daina. Ba na son ka amsa mini da ka. Ka tsaya da yamma ka ga inda curin ƙarshe yake zuwa, ka kuma riga kowa shiga da safe ka ga inda yake komawa. Gani ya kori ji.

In na yi kuskure, zan zo da kaina in durƙusa a gaban Baba in ba shi haƙuri a gaban ma'aikatan da yake jin kunyarsu, in kuma buɗe leda da hannuna in ba ta. Wallahi na fi son haka.

Kwalin yana ɗakin ajiya na kulle. Sufeto ba ta manta ba. Da ta ji hon ɗin Direba take rugowa ta ce, "Kawu ya ba da amsa?"

Ka gaida Anti da yara.

Auta

*

Auta,

Salam. Bahon yana nan.

Ban ma buƙaci in tsaya da yamma ba. Ina karanta layinki na tuna, don da safen ranar ni na juye shi. Na rantse miki cewa ni nake auna kaya, kuma ban yi ƙarya ba: ina auna fulawa da sukari da bota, sannan in miƙa hannu in juye baho ba tare da na kalle shi ba, yadda mutum yake rufe ƙofa a bayansa. Ba ya cikin lissafin kayan haɗi, ba wanda ya taɓa kiransa kayan haɗi. Matar hukuma ma ta buɗe firjin nan ta gan shi a rufe da farin ƙyalle, ta yaba tsabta ta wuce.

Washegari na yi sammako don in riga kowa shiga, amma Baba ya riga ni. Na same shi ya ɗauko bahon zai nufi inji. Na riƙe bakinsa. Ya dube ni, don ban taɓa tare shi a wurin aiki ba.

Na ce, "Baba, mene ne a ciki?"

Ya ce, "Saura ce mana."

Na ce, "Saurar me?"

Ya ɗaga ƙyallen. Ga curin nan, ga gutsattsarin gyaɗa a jikinsa ɓaro-ɓaro, ba sai an sa tabarau ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗan wannan? A cikin buhun fulawa guda?"

Na ce ai kin ce wadda ta kai Sufeto asibiti ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ya ce, "Wannan ba sa gyaɗa ba ne, hana asara ne. Uwarku ta yi shekara da shekaru tana juye bahon nan, ba mu taɓa jin wani ya kwanta ba."

Na ce, "Baba, wanda ya ci ya kumbura a wani gari ina zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa? Ledarmu ta ce masa babu."

Na zaci zai ajiye. Sai ya janye bahon daga hannuna ya juye a injin, ya kunna. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata shi ke nan, tsoho ya zaɓi girman kansa. Muka ci gaba da aiki. Da tiren farko ya fito ya huce, sai ya ɗauke shi ya kai bakin ƙofa inda haske yake, ya zauna a kan buhu. Ya riƙa ɗaukar Fari ɗaya-ɗaya yana karyawa, ya duba ciki, ya ajiye. Ma'aikata suka tsaya suna kallo, na kore su. Ya kusa rabin tire, har na fara fatan kada ya samu, sai na ga hannunsa ya tsaya. Ɗan jan ɓawon gyaɗa ne, bai fi kan allura ba. Ya ciro shi da farce ya ɗora a tafin hannunsa.

Bai ɗago ba ya ce, "Ba ta ci ba ko?"

Na ce ba ta ci ba, kin hana.

Ya ce, "Kwali guda na aika mata. Ni na shirya da hannuna."

Daga nan ya ce kada Farin ranar ya fita, da wanda yake kan kanta ma a sauke. Ya koma bakin aiki. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, amma ya daina zuwa kantin maƙwabta karanta gwangwani, har mai kantin ya aiko yana tambaya ko lafiya.

Na kawo masa dabara. Na ce a riƙa ajiye saurar Mai Gyaɗa sai yamma a juye ta a kwaɓin Mai Gyaɗa, shi ke nan ba a zubar da albarka ba, Fari kuma ya tsira. Ya ce, "Ka tambayi ƙanwarka ko hakan ya isa. Ita ta sani." To ga shi na tambaya.

Maganar cin fuska da na yi miki, ki yafe mini. Har yanzu in na tuna na ce ki ba yarinya a wuce wurin sai in yi ta istigfari. Ki ce wa Sufeto Kawu ya duba, kuma ta yi daidai da ba ta buɗe ba.

Yayanki

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka ya jiki da ƙafa, da fatan Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maigidana yana gaishe ka.

Yaya ya ce ka ce a tambaye ni, shi ya sa na rubuto maka kai tsaye. Na kai maganar wurin likitanta, na kwatanta masa ɗakin kamar yadda yake. Ya ce sauya inda ake juye bahon zai rage haɗarin, amma bai isa ba. Inda ake daka gyaɗa a ɗaki ɗaya da fulawa, garinta yana tashi ya sauka inda ruwan zafi ba ya kaiwa. Ya ce ko asibiti ne aka daka gyaɗa a ciki haka zai faɗa. Ba maganar tsabtarka ba ce, Baba. Ban taɓa shiga wurin da ya kai naka tsabta ba.

Ba na roƙon ka daina Mai Gyaɗa, da shi ka ciyar da mu. Ba na roƙon ka jefar da bahon Inna. Abu ɗaya nake roƙo, ledar ta faɗi gaskiya, don yarinyar nan da ire-irenta da ita suka dogara. Na san abin da hakan yake nufi: ba za ta taɓa cin abin da ka gasa ba. Na yi kukan wannan ni kaɗai kafin in iya rubuta shi.

Na gaya mata Kaka yana dubawa da kansa. Ta ce to, Kaka ai ya fi Kawu sani. Duk abin da ka rubuta za ta yarda.

Ka yafe mini ɓacin ran da na jawo maka.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki. Babu abin yafewa.

Yayanki da mai buga leda sun so a sa "mai yiwuwa". Na ƙi. Tunda sauya baho ba zai buɗe mata ƙofa ba, bahon uwarku yana nan yadda ta bar shi, kuma na san abin da nake juyewa. Na sa an buga a bayan Fari: "Akwai gyaɗa a ciki." Mai bugawar ya ce mutane za su yi dariya. Na ce su yi, ni ma na yi.

Ga leda ɗaya na sa a ambulan. Sabuwa ce daga wurin bugu, ba ta shiga ɗakin aiki ba. Ki ba mutuniyata ta karanta da kanta. Ki ce mata takardar farko ce ta yi kuskure, kuma Kakanta ne ya rubuta ta. Ta ci gaba da dubawa.

Ku zo hutun nan. Na sa an yi wa ƙofar ɗakin aiki sakata daga sama, inda hannunta ba zai kai ba. Zan yi wanka in sauya kaya kafin in ɗauke ta.

Na yi magana da mai kayan marmari, zai ajiye mini ayaba mai kyau. Ban taɓa ba baƙo abin da ba ni na gasa ba. Zan koya.

Babanki